Rasuwar Gambo a Mashigin Kanya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ba zan ɓoye wa kowa ba, ni Hajiya Sakinatu ta Marken Dutse nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata Gambo, wadda Malam Mannir na kamfanin sayen masara da kwamfutarsa suka kashe ranar Talata da hantsi, a tsakiyar mashigin Kanya. Kashe ta suka yi. 'Yata Najiba da ke rubuta mini wannan takarda ta so ta sa wai ajali ne, na ce ta rubuta abin da ya fito daga bakina. Ban yi boko ba, amma ban makance ba.

Marigayiyar a-kori-kura ce, fara, ta rasu tana da shekara ashirin da ɗaya a gidanmu, ban da waɗanda ta yi a hannun wasu. Maigidana marigayi Alhaji Almustapha ya sayo ta bayan wasu babura biyu da ya kawo rana ɗaya, shi ya sa muka raɗa mata Gambo, tunda tagwaye ta biyo.

Duk wanda ya san ta zai shaida mai haƙuri ce, ba ta da kwaɗayin mai. Ta ɗauki taki, ta ɗauki auduga da waken suya, ta kai mata masu naƙuda asibitin Malumfashi ba ta taɓa tambayar 'yar gidan wa ce ba. Ita ta dawo mini da gawar Alhaji. Da safe takan gaishe da unguwa, kyar-kyar-kyar, ta yi tari sau biyu, sannan gurum, kowa ya san gari ya waye. In ta karyo kwanar famfo da yamma, fam-fam, sai in ɗora wa Shitu tuwo. Shitu ƙanin Alhaji ne, shi ke jan ta tun zuwanta, furfurarsa a kujerarta ta fito. Ban ce ba ta da aibi ba. Ƙofar hagu da igiya ake ɗaure ta, kuma in an yi sanyi sai an tura.

Ba ta yi jinya ba. Ga yadda aka yi.

Da damina Mannir ya zo ya zauna a tabarmata, ya sha furata, ya buɗe kwamfuta a kan cinya. Wai sun gina ƙasarmu kaf a ciki, tun daga Dandume har Musawa, da hanyoyi da rafuka da rumbuna, motoci na yawo kamar korayen tururuwa. Wai kafin mota ta motsa a duniya, na'urar ta riga ta yi tafiyar sau dubu a cikinta, ta zaɓi kayan da ya dace da hanyar da ta fi sauri, sai kawai a turo wa direba saƙo a waya. Ya ce gidana zai zama matattarar masarar ƙauye, Gambo ta riƙa kai wa defonsu na Funtua. Na dangwala yatsa. Ya tambayi shekarun motar, ya tambayi lambarta, ya ɗauki hotonta gaba da baya. Bai tambayi yadda muke cika buhu ba.

Jama'a, wa bai san buhunmu da hula yake ba? Tun ina yarinya haka na taras, a cika buhu har baki, a yanko wani buhun a ɗinka masa a ka, a ƙara dannawa. Buhun da ba hula ko kallonsa dillali ba ya yi. Buhun da ke cikin kwamfutar Mannir tiya arba'in ne, namu hamsin. Shitu bai taɓa ɗora wa Gambo fiye da sha biyu ba, kuma da kaya ba ya bin mashigin Kanya, yakan zagaya ta kwalbati ko da hanyar ta fi nisa, don ya san ƙarƙashin yashin nan ruwa ne kwance har bayan kaka.

Ranar Talata saƙo ya shigo: buhu sha biyar, a bi ta mashigi. Shitu ya kira Mannir a gabana ya ce motar ba za ta iya ba. Mannir ya yi dariya, wai a cikin na'ura ta haye sau dubu ko tuntuɓe ba ta yi ba, wai in aka rage buhu ɗaya ko aka sauya hanya ba za a buɗe masa get ɗin defo ba, kuma za a cire ƙauyenmu daga tsari sai baɗi. Shitu ya dube ni. Ga masarar matan ƙauye jibge a tsakar gidana. Ni na ce masa ya bi. Hulunan ma da hannuna na ɗinka rabinsu. Wannan zan amsa shi a gaban Allah, ba sai Mannir ya tuna mini ba.

Ta fita tana nishi, uuum, uuum, bayanta ya kusa taɓa ƙasa. A kwanar famfo ba ta ce fam-fam ba. Shitu ya gaya mini ta shiga mashigin da bismilla, ta kai tsakiya, tayoyin baya suka nutse, ta yi kuka wiii, wiii, ta yunƙura sau ɗaya don ba ta saba ba wa mutum kunya ba. Sai ƙaƙas. Ƙashin bayanta ya rabe biyu. Malam Talha makaniki ya zo ya shiga ƙarƙashinta, ya fito ya cire hularsa, ya ce mini sai haƙuri.

Marigayiyar ta rasu ta bar Shitu, wanda tun ranar yake zaune a zaure da makulli a aljihu. Ta bar tayar safaya ɗaya, da jak, da jarkar ruwa, da igiyar ƙofa. Yayyenta tagwaye sun riga ta. Ta kuma bar buhu ɗari da arba'in na matan Marken Dutse a cikin gidana, kuma nan ne maganar take.

Yau kwana goma sha ɗaya. Kowace safiya wayar Shitu na ƙara: Gambo ta ɗauki sha biyar, ta bi ta mashigi. Na hau babur da wannan ƙugun nawa har Funtua. Mannir ya juyo mini da kwamfutar, ga Gambo nan koriya shar tana haye rafi, tana sauke kaya, tana komawa. Wai a wajensu lafiyarta ƙalau. Na ce to a turo mana wata motar. Wai na'ura ba ta tura mota ƙauyen da ke da mota. Na ce a rubuta ta mutu. Wai shi ba shi da ikon gogewa, sai an kawo motar defo injiniya ya duba. Wato mamaciya ce za ta taso ta kai rahoton mutuwarta da kanta. Na ce a haɗa ni da wanda ya gina abin. Wai suna can babban ofis, ba su da lambar da ake kira.

Na bi tasha, duk manyan motocin da na sani sun yi rajista da kamfanin, inda waya ta aike su nan suke zuwa. Buhuna sun cika zaure, sun cika rumfa, sun shigo ɗakina. A karkace nake wucewa in yi alwala. In na kasa kunne ina jin ƙwari sun fara ci. Matan da suka yarda da ni sukan leƙo su gaishe ni, su dubi buhuna su tafi. Da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi.

Game da jana'iza, Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma na sani. 'Yan gwangwan da ke ta zagaya mashigi da ma'auninsu su yi haƙuri, gawar ba ta sayarwa ba ce tukuna.

Za a tashi ranar Litinin bayan sallar asuba, in Allah ya kai mu. Malam Talha zai ɗaure mata baya da kaca da gungume, shanun huɗa huɗu za su ja ta daga mashigi zuwa kwalta, daga nan har Funtua, ko kwana biyu za a yi a hanya. Shitu zai riƙe sitiyari. Mata za su biyo baya. Za a ɗora mata buhu ɗaya rak, da hularsa. Masu ta'aziyya kada su nufo gida, ba wurin zama. Su same mu a bakin get ɗin defo, inda za a kwantar da ita a gicciye, in ga motar da za ta shiga ko ta fita, a duniya ko a cikin na'ura.

Kun ce a kawo ta, ga ta nan zuwa. Mannir, ka fito da injiniyanka ku duba. Ka ɗora buhun nan a sikelinku a gaban jama'a, ka karanta da ƙarfi. Sannan ka kira mana sunan mutumin da ya gaya wa kwamfuta nauyin buhunmu bai taɓa ɗaga ko ɗaya ba, ya zo ya tsaya a kan gawar ya yi mana bayani. Ba za a ɗauke ta ba, kuma ba zan tashi daga tabarmata ba, sai mota ta kwashe masarar mata daga ɗakina.

Sanarwa daga Hajiya Sakinatu, a madadin iyalan marigayi Alhaji Almustapha.