Wasiƙar Haraji da Tabarau Mai Ƙafa Ɗaya

"...lafiya lau, ya gajiya, ya ƙafar, ya..."

"Dakata da jero min gaisuwa kamar mai karanta sanarwa. Ina tabarauna?"

Sai a lokacin ya tuna. Tun da safe kakarsa ta aike shi ya karɓo mata sabon tabarau, ga shi ya dawo ba komai a hannunsa sai waya, ita ma ta jiƙe da gumi. Sati biyar ke nan da ya samu aikinsa na farko bayan gama jami'a, kuma tun ranar da ya kawo takardar shaidar digirinsa gidan nan ta laƙaba masa Mai Digiri. Shi kuwa Tafireta yake ce mata, domin shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga wasiƙu a ofishin haraji. Tsohon keken rubutun nata yana nan kan tebur, lulluɓe da tawul.

"Tafireta, yau ba ranar wasa ba ce. Kama ni za a yi."

"Alhamdu lillahi. Wa zan je in yi wa godiya?"

"Hukumar haraji ce ta turo min imel. Wai ana bina harajin shekara uku. In ban biya cikin awa ashirin da huɗu ba za su rufe min asusu, su rubuta wa wurin aikina."

Wannan na ƙarshen ne ya fi tsorata shi. Har yanzu a watannin gwaji yake, kuma shugabansa ba ya son jin ko tari, balle wasiƙar hukuma.

"Shekara uku?" Ta gyara tsohon tabaraunta mai ƙafa ɗaya, ɗaya gefen ɗaure da zare. "Wace sana'a kake yi a shekara ukun? Barci? In a kan abincin da ka cinye a gidan nan ne, ni ya kamata in kai ka ƙara."

"Ke komai wasa ne."

"Mijin da aka aika kasuwa ya dawo da kuka, in ban yi dariya ba me zan yi? Karanta min. Daga sama, ba daga inda ya tsorata ka ba."

Ta miƙe bayanta, ta jera yatsu a kan gwiwa kamar za ta fara bugu. Ya share murya.

"Mai girma mai biyan haraji..."

"Tsaya. Wa?"

"Mai girma..."

"Kai ɗin? Lallai ba su taɓa ganinka ba. Sun san bashinka amma ba su san sunanka ba? A wurinmu wasiƙa ba ta fita sai da cikakken suna da lambar fayil. Na taɓa sake buga shafi guda sau huɗu saboda lambar nan. Ina lambar fayil?"

Ya ja allon sama, ya ja ƙasa. "Babu. Amma ga tambarinsu nan, sak."

"Kai ma ai hoton wani ɗan ƙwallo ka manna a wayarka. Ya mayar da kai kyakkyawa?"

"Zamani ya canza, tsohuwa. A lokacinku a kan jaki ake kai wasiƙa."

"Jakin ya fi ka, shi yakan dawo da saƙo. Duba min, daga wane adireshi aka aiko?"

Ya danna sunan mai aikowa. Sunan hukuma ya ɓace, wani dogon adireshi ya fito, cike da lambobi, ƙarshensa irin nasa ne, wanda kowa ke buɗewa kyauta. Ya faɗa mata, muryarsa ta ɗan yi ƙasa.

"Wato hukuma guda, da benenta da masu gadinta, tana zaman haya a gida ɗaya da kai."

Ta sunkuyo ta dube shi ta saman gilashin.

"Mai Digiri. Me ka riga ka yi?"

"Akwai wurin da suka ce in danna. Na danna. Na rubuta lambar katina. A bakin shagon tabaraun ma nake tsaye."

"Inna lillahi! Na auri asara."

Wayar ta yi ƙara. Ya duba. "Ga shi banki ya turo lambobi shida. Su kaɗai suka rage in saka, shi ke nan an gama."

"An gama da kai dai."

Bai san akwai sauran sauri a jikin matar da ke kukan gwiwa kullum ba. Kafin ya ankara ta fizge wayar, ta ɗaga kaɗan, ta zauna a kanta.

"Za ki fasa min waya!"

"Shekara talatin da ɗaya na zauna a kujerar ofis, ba ta karye ba."

"Kujerar ce ta fara yin ritaya, kowa ya sani."

Wayar ta soma ruri a ƙarƙashinta. Ta bar ta ta yi ta yi, sannan ta zaro ta miƙa masa. "Danna min inda kowa zai ji."

Muryar wani namiji ce, mai laushi kamar an shafa mata mai. Ya ce daga hukumar haraji yake, yana son taimaka wa yaron kada ya rasa aikinsa, a karanto masa lambobin nan shida kawai.

Kakar ta sauya murya. Jikan bai taɓa jin wannan muryar ba: busasshiya, ba gaggawa, muryar bayan kanta.

"Daga wane sashe?"

"Sashen... tara kuɗi, Hajiya."

"Wane ne shugaban sashen? A wane bene kuke? Karanto min lambar fayil."

"Hajiya, lokaci yana ƙurewa..."

"Yau Asabar, ɗana. Wa ya buɗe maka ofis? Ka rubuto a takarda, kofi uku, da sa hannu da hatimi. Za a duba."

Ƙit, aka kashe.

"Ka ji ko?" Ta jefa masa wayar a cinya. "Ko sallama babu. Hukuma ba ta tambayar makullin ɗakinka, kuma ba ta tsere wa tambaya. Tana da ƙofa, tana da benci. Litinin ka je da ƙafarka ka tambaya. Yanzu juya katin nan, kira lambar da ke bayansa."

Ya juya katin, ya kira lambar. Ma'aikaciyar bankin ta ce an gwada cire duk abin da ke asusun, bai wuce ba saboda ba a saka lambobin ba. Ta toshe katin. Albashinsa na farko yana nan. Ya zame ya zauna a ƙasa, kansa jingine da kujerarta.

Ta bar shi ya numfasa. Sannan ta cire tabarau mai ƙafa ɗaya, ta ɗora masa a hanci, ta zagaya zaren a kunnensa.

"Na ba ka, kyauta. Ka fi ni buƙata."

Ɗakin ya zama hazo-hazo a idonsa. Dariya ta kuɓuce masa, har da ɗan hawaye.

"Na sallama, Tafireta. Kin ci."

"Na ci, amma har yanzu ba na gani. Tashi ka karɓo min nawa. In wani ya tare ka a hanya ya ce shi ne hukumar tabarau, ka tambaye shi lambar fayil."