Ranar da Aka Kama Tattabaruna

Jama'a, ku taya ni murna, doka ta hawo har saman benenmu. Shekara ashirin ina jin labarinta a rediyo, sai ranar Talata na gan ta da idona, tana haki.

Bayan la'asar ne, ina saman bene ina kaɗa tuta don tattabaruna su sauko, sai ga Basha, babban ɗan sandan yankinmu, Allah ya ƙara masa tauraro a kafaɗa, da yaransa uku. Ya miƙo takardar izinin bincike. Na ƙwala wa maƙwabcina Ustaz Milad kira, wanda ya tsufa yana rubuta wa mutane ƙara a ƙofar kotu. Ya ɗora tabarau ya karanta.

"Ranka ya daɗe, takarda ta ce Shahhat Abdul-Gawad, hawa na uku, wayoyin sata. Wannan Shahhat Abdus-Sabur ne, hawa na biyar. Doka ta ce inda aka rubuta nan za a bincika, abin da aka rubuta shi za a ɗauka."

Basha ya ce, "Kai lauya ne?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To je ka sha shayinka."

Ni dai ban ga laifin Basha ba. Mutum mai wannan tumbi ya hawo bene biyar, ga lif ya mutu tun zaɓen da ya wuce, sai a ce ya sauka hannu rabbana? Haba! Suka zazzage buhun dawa, suka leƙa tukunyar waken ful ta Ummu Safwat, matata, har ɗaya ya ɗanɗana don tabbatarwa. Babu waya. Sai Basha ya hango zobe a ƙafar Warda da mijinta, tattabarun da na gaji irinsu daga mahaifina. Ya ce wa ya sani ko da su ake aika saƙo. Aka jefa su kwando, aka buga jan hatimi.

Na ce, "Basha, 'yan shilarsu biyu kwanansu huɗu. Daga bakin iyaye suke ci. In babu su, mutuwa za su yi."

Ya ce in rubuto a takarda.

Muka rubuta. Laraba na wuni a ofis, wani mai gashin baki ya bayyana mini cikin ladabi cewa ba a sakin kayan shaida sai kotu ta zauna, watakila bayan Babbar Sallah. Na dawo na tarar da Ummu Safwat tana ɗura wa 'yan shila kunu da sirinji. Ƙaramin bai kai magariba ba. Wallahi na yi kuka, ni da furfurata.

Alhamis da hantsi sai na ji fiffika. Warda da mijinta! Ashe wani ya buɗe kwando zai ba kayan shaida ruwa. Ko kallona ba ta yi ba, ta faɗa akurki tana ciyar da wanda ya rage.

Kafin azahar Basha ya sake hawowa da sabuwar takarda: ɓoye kayan shaida. Ustaz Milad ya karanta sau biyu, ya ɗaga ta wajen rana. Sunana daidai, hawa na biyar daidai, tattabaru biyu, hatimi raɗau. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin takarda mai tsabta irin wannan ba.

Aka sake jefa Warda da mijinta kwando. Na ɗauko ɗan shilan a tafin hannuna na ce, "To Basha, don Allah haɗa da wannan, su ci gaba da ciyar da shi a can."

Ya duba takarda, ya girgiza kai. "Babu ɗan shila a nan, Baba Shahhat. Mu ba ma ƙetare doka."

Saboda haka duk wanda ya ƙara ce mini ba a bin doka a garin nan, ya hawo hawa na biyar. Ya zo da sirinji, namu ya fara toshewa.