Rasuwar Firijin Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abin da ya fi baƙin ciki zafi, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar firijin mahaifiyata, wanda ya cika ranar Talata da magariba a kusurwar falo, yana tsaye a bakin aikinsa.

Marigayi mai haƙuri ne. Rabin rayuwarsa da yunwar wuta ya yi ta, bai taɓa kai ƙara ba. In an kawo, ya ce "gurrr" ya kama aiki. In an ɗauke, ya ce "tik" ya rungume ɗan sanyin da ya rage. Babbar amanarsa ita ce allurar ciwon sugan Inna, wadda ba ta jure zafi.

Ba jinya ya yi ba, kashe shi aka yi. A layinmu, da an ɗauke wuta kowa ke zare kayansa, ba a mayarwa sai an ga ƙwan ƙofar mai walda ya kama ya nutsu. Firijin Inna kaɗai ba ma zarewa, don kada sanyin minti ɗaya ya wuce shi. Ranar nan manya suka zo ƙaddamar da shirin wuta ga kowa. Mutanen ofishin wuta suka so layinmu ya yi kyau a hoto, sai suka sako mana duk abin da suka hana mu wata da watanni a lokaci guda. Ana tafi a bakin titi, marigayi ya ce "fas", hayaƙi ya tashi.

Mai gyara ya shinshina bayansa, ya ce mu yi haƙuri. A ofishin kuma wani mai ƙaton tebur ya ce min wutar hasken rana na nan tafe, in ƙara haƙuri. Ban yafe ba. Allah ya isa. Allah ya sa fankarsu ta tsaya musu da tsakar rana, ruwan shansu ya yi ɗumi har ƙarshen aikinsu.

Ya rasu ya bar fanka mai ciwon wuya, da dutsen guga da ya manta sana'arsa, da Inna. Allurarta yanzu tana zaman aro a firijin mai kemis, shi kuma ya ce man janaretansa ba zai kai ƙarshen mako ba.

Za a ɗauki gawa gobe da hantsi a baro, a kwantar da ita a ƙofar ofishin wuta, daidai inda mai ƙaton tebur yake ajiye motarsa. Ba a bukatar ta'aziyya daga ma'aikatansu. Masu rakiya su matsa da marigayi gefe guda, domin Inna ta ce a bar fili kusa da shi. In mako ya ƙare ba a samar wa allurarta sanyi ba, nan za a kawo ita Innar a kwantar.