Rasuwar Goggo, Na'urar Zuƙe Iska

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma take tafasa, nake sanar da rasuwar Goggo, na'urar zuƙe iska ta ɗakin gwajinmu. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha tara a bakin aiki. Ni nake kula da ita tun ranar da aka fito da ita daga kwali, saboda haka babu mai gaya mini abin da ya kashe ta.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba: a ɗakinmu ana harbo ƙwayoyin zarra masu nauyi ta dogon bututu, su daki ɗan guntun darma mai kaurin tsinken ashana. Ba bayansa suke ƙonawa ba, cikinsa suke kutsawa su juye zafinsu gaba ɗaya tun ido bai ƙifta ba. Darmar ba ta samun sukunin bazuwa, sai ta koma wuta tsantsa alhali tana nan a cure. Masana na kiran wannan filasma. Amma sai bututun ya zama babu iska ko kaɗan, in ba haka ba ƙwayoyin su watse a hanya. Aikin Goggo ke nan. Farfesoshi na shan tafi a taro, ita tana ƙarƙashin tebur tana juyi.

Ba ta da ƙorafi. In na kunna ta da safe sai ta ce "wuuu", ta haura "wiiii", har muryar ta sirance ta ɓace. Sharaɗinta ɗaya ne tak: kada a saki iska cikin akwatin gwaji tana juyi. A kashe ta, a ba ta minti ashirin ta tsaya. Na rubuta wannan da jan fenti a bango, har mai shara ta haddace.

Ranar Talata ina ƙasa ina karɓar tukunyar gas, sabon shugaban sashe ya shigo da baƙi masu kwat. Yana so su ga darmar ido da ido, su ɗauki hoto. Minti ashirin ya yi wa mai girma yawa. Ya murɗa makunnin iska da hannunsa mai albarka don tagar akwatin gwajin ta buɗu, iska ta afka wa fukafukan Goggo suna tsakiyar gudu. Daga matakala na ji maganarta ta ƙarshe: "ƙarrrr… kwas!"

Yanzu an kawo mini takarda, wai sanadin mutuwa tsufa ne. Tsufa! Ban sa hannu ba, kuma ba zan sa ba.

Marigayiya ta bar ni, da tiyo biyu, da ma'auni guda da allurarsa ta kwanta. Ta kuma bar ɗalibarmu, wadda nake kira 'yata. Shekara biyu tana goge guntayen darma goma sha biyu da hannunta, tana jiran layi a ba ta kwana uku a bututun. Ranar Laraba za ta fara. An ce layi ba zai sake zagayowa kanta ba sai bayan wasu shekara biyun, ga shi wa'adin karatunta saura wata takwas. Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da guntayen cikin auduga ɗaya bayan ɗaya, ta gaishe ni, ta fita. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Za a kai Goggo makwancinta ranar Alhamis ƙarfe goma, a ɗakin tarkace da ke bayan gini. Gawar kilo arba'in ce, hawa uku za a sauko da ita, kuma an keɓe wa shugaban sashe alfarmar ɗauka shi kaɗai. Baƙinsa na iya zuwa su ɗauki hoto.

Masu ta'aziyya kada su tsaya wurina. Teburin 'yata na ƙarshen baranda, sai dai ba za a same ta ba. Tun ranar ba ta dawo ba, makullinta na ɗakin gwaji ta bari a kan akwatin guntayen darmarta.