Ragata a Tsakiyar Ƙorama

Ƙarshen damina muka kai yara ƙauyen Dabaga kwanan daji. Na ɗaura ragar kwanciyata jikin bagaruwa biyu, tsakiyar busasshiyar ƙorama.

Matata ta dubi hadarin kan duwatsu. "Baban Nana, ruwa na tafe."

Na ce, "Ni haifaffen Agadez za a koya wa ƙorama?"

Ta kwashe yara ta hau tudu, ni kuwa na miƙe cikin ragata. Da la'asar na farka ruwa na lasar bayana, takalmana sun kama hanyar gari. Ita ta aro igiya wajen wani mai lambu ta jawo ni, ko "ai na faɗa" ba ta ce ba.

Yaran ne ba su yafe ba. Ko yayyafi aka fara, sai Nana ta ce, "Mama, ɗauko igiya."