Ƙwayar da Na Ɓoye a Hula

Ranar da zan fara zuwa zance wurin Hajara a Kusasu, haƙori ya tasar mini. Mai kyamis a Birnin Gwari ya ba ni ƙwaya mai narkewa a harshe, ko ruwa ba ta so. Ya ce kar in ɓare sai zan sha. Ni kuwa na ga bai dace jarumi ya tsaya ɓare magani gaban masoyiya ba. Tun a hanya na ɓare, na cusa cikin hula.

Ina tsaka da kwatanta idanunta da taurari, gumi ya gangaro mini fari fat har hanci.

Ta ce, "Malam, furarka na zuba."

Ta aure ni dai. Amma har yau in na sa hula sai ta leƙo: "Maigida, an dama?"