Yadda Za Ka Haɗa Wa Surukinka Fom ɗin Intanet, Ya Ɗauka Ka Sha Wuya

Bi matakan nan, ni na tsaya maka, kafin la'asar fom ya haɗu, sunanka kuma ya zaga gari. Maƙwabcina Salman na Dandamisa ya bi su, yau babu wanda bai san shi ba a kasuwar Makarfi.

1. Karɓi aikin kana durƙushe.
Surukin Salman, Alhaji Ashafa, shi ne shugaban ƙungiyar manoman rake. Ya ce masa, "Za a kawo mana taki, amma sai kowa ya yi rajista ta waya. Matarka Khairiyya ta ce ka iya kwamfuta." Salman ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, an gama." Kai ma haka za ka ce. Tambaya a gaban suruki rashin kunya ce.

2. Bar helfa ta yi aikin.
Helfa ɗan gajeren umarni ne da waɗansu suka riga suka rubuta a cikin manhajar da kake gini da ita. Ka ba ta kalma ɗaya, ta zana maka akwatin rubutu, ta ɗora masa bayani, har da jan gargaɗi ga wanda ya bar shi wayam. Kada ka gaya wa kowa. Mai ilimi ba ya tona asirin masu taimakonsa.

3. Kwafa, ka manna.
Salman ya rubuta layi ɗaya na akwatin suna, ya kwafe shi ya yi na gari, na lambar waya, da na ƙarshe: me kake nomawa? Bayanin da ido ke gani ya canza. Laƙabin ciki, wanda kwamfuta ke ajiye amsa da shi, ya bar shi "suna" a kowane akwati. Kada ka damu da wannan, ba a ganinsa.

4. Riƙe aikin ya kwana biyu.
Zauna a ƙofar gida da kwamfuta a cinya, kana tsaki. Da Khairiyya ta ce, "Ba ka gwada shi ba fa," Salman ya ce, "Gwaji na masu shakka ne."

5. Halarci taron rabo.
Da yake laƙabin ɗaya ne, kowace amsa ta goge ta gabanta, ta ƙarshe kaɗai ta tsira. Jami'in taki ya buɗe takarda ya kira sunan farko: "Rake." Kowa ya miƙe. Ya kira na biyu: "Rake." Ba wanda ya zauna. Can ƙasan takardar aka samu "Tumatir," wani baƙon manomi daga Ikara, shi kaɗai ya tafi da buhunsa. Motar takin ta juya da sauran buhunan.

6. Ɗora wa netwok laifi.
Salman ya ɗora. Alhaji ya dube shi ya ce, "To, Allah ya shirya netwok." Washegari ya aiko masa da biro da babur, ya bi manoma gona-gona yana rubuta sunayensu da hannu. Taki ya iso bayan rake ya wuce kafaɗa.

Sanarwa: marubucin nan ba shi da hannu a asarar taki ko ta mutunci. Idan surukinka ya daina amsa gaisuwarka, kada ka zo wurina. Salman ya zo, na ce ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa.